Jan Murfi Ko Shuɗi

Talata, daga kan kujerar wankin ƙoda

Zare,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, kuma aiki bai ƙarasa ramar da ke ba, don tun kina rarrafe a ƙarƙashin teburin yankana ba ki da wani nama, shi ya sa na laƙaba miki sunan nan. Mahaifiyarki ta leƙo shago, ƙafarta da ɗan sauƙi, bakinta kuwa dama bai taɓa ciwo ba. Ita ta ba ni adireshinki. Ta ce in kira ki a waya, na ce waya tana cikin durowa tun da kunnena ya fara yi mini rowa. Ga shi sau uku a mako ana zaunar da ni awa huɗu, hannun hagu a jikin inji, na dama ba abin yi. Gara in ba shi biro.

Jiki da sauƙi, in ban da abin da ya sa na ɗauko takarda. Kin san bututun robar da suka dasa mini a ƙarƙashin fatar hannun hagu, inda suke soka allura biyu su ja jini su wanke su mayar. Sun koya mini kullum da safe in ɗora yatsu a kai. In yana zirr kamar keken ɗinki na tafiya a shagon maƙwabci, lafiya lau. In ya yi shiru, jini ya daskare a ciki. To, ya yi shiru sau biyu.

Karon farko suka zuba masa maganin narkar da gudan jini, kwalbarsa mai jan murfi. Kafin awa guda ya buɗe, washegari ina kan kekena. Sai dai ramin allura ya yi ta zuba, nas mai tabarau ta danne shi har ta canza hannu. Mako uku, ya sake toshewa. Karo na biyu suka kawo mai shuɗin murfi. Wannan malalaci ne, wuni na yi a kwance ina kallon silin, na dawo gida a gajiye, kwana goma ban buɗe shago ba. Amma bai zubar mini da jini ba. Yau kwana goma sha ɗaya, kuma ba na taɓa hannun nan da safe sai gabana ya faɗi.

Likitan jijiya, wani dogo mai magana kamar an yi masa dole, ya ce in ya sake toshewa za su narkar sau ɗaya, na ƙarshe. In bai zauna ba, a bar hagu a koma dama. Ya ce tunda na ɗanɗana duka biyu, ina iya faɗin wanda nake so.

Dama, Zare. Hannun almakashi. Shekara arba'in da ɗaya yana ciyar da ni, kuma shi ne yake rubuta miki wannan takardar. In suka dasa bututu a cikinsa, ban san abin da zan tashi in yi da safe ba. Tsoro nake ji, ban faɗa wa kowa ba sai ke.

Mahaifiyarki ta ce aikin da kike yi a can shi ne gwada waɗannan magunguna biyu a ga wanda ya fi. Ashe abin da nake nema yana cikin dangi. Ki rubuto mini kalma ɗaya, ja ko shuɗi. Ki haɗo da awon kafaɗarki da tsawon hannu, na samu farin yadi mai kyau, zan ɗinka miki rigar asibiti. Ni na ɗinka miki kayan makaranta na farko, ban ga dalilin da wani zai ɗinka wannan ba.

Kawunki Tela

Lahadi

Kawu,

Na amsa sallama, na kuma yi murna da ganin rubutunka, har yanzu a miƙe yake kamar layin ɗinkinka. Ina lafiya. Ɗakina yana hawa na huɗu a bayan asibiti, matakala ce kawai take cin ɗan naman da ka ce ba ni da shi. Allah ya ƙara maka sauƙi.

Na karanta takardarka a tsaye a ɗakin canza kaya, na zauna na sake karantawa. Da ina da kalmar nan guda da ka nema, da ita zan fara. Ba ni da ita.

Gaskiya ne muna gwada magungunan biyu, amma ba yadda Inna ta ɗauka ba. Ni nas ce a cikin aikin. Kwalaben suna iso mana a naɗe, murfi a rufe, sai lamba a jiki. Ni da nake zubawa ban san wanda na zuba ba, likita bai sani ba, marar lafiya bai sani ba. An yi haka ne don kada son zuciya ya shiga awo. In na san ja ne, kuma ina son ja, ko agogo na duba sai na gan shi ya fi sauri. Ba za a buɗe lambobin ba sai an gama da mutum na ƙarshe, kuma da sauran watanni.

Abin da na gani da idona kafin wannan aikin bai wuce abin da ka gani ba. Duka biyu suna buɗe bututu. Wani lokaci ɗaya ya fi sauri, wani lokaci ɗaya ya fi sa mu daɗe muna danne auduga. Amma Kawu, maganin narkarwa share hanya kawai yake yi, ba ya hana ta sake toshewa. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne me yake toshe ta. Sau da yawa jijiyar da bututun yake zuba jini a cikinta ce take tsukewa. Ka roƙi likitanka ya ɗauki hotonta. Wani lokaci kuma awon jini ne yake faɗuwa bayan wanki, ko wani abu yake danne hannun.

Don haka ka amsa mini. Ta wane ɓangare kake kwanciya? Kana ɗaukar kaya da hagu? Kana jiri in an sauke ka daga inji? Akwai abin da yake matse hannun, ko da hannun riga ne?

Ba zan iya zaɓa maka ba, ban ga hannunka ba, likitanka ne ya gani. Batun riga kuma kada ka wahalar da kanka, ka huta tukuna.

Taka,
Zare

Laraba, a shago

Zare,

Gaisuwa. Muna nan lafiya. Mahaifiyarki ta tafi wurin yayanki a duba mata ƙafa, ban san ranar dawowarta ba.

Takardarki ta iso. Sau huɗu na karanta ina neman ja ko shuɗi, har bayanta na juya. Ni in aka ba ni yadi biyu, ko an ɗaure mini ido na shafa zan faɗi wanda zai kai shekara. Ke kina cikinsu safe da yamma, ki ce ba ki sani ba. Na kwana biyar ina juya maganar. Na san zumuncinmu da ɗan nisa, kakana da kakan mahaifiyarki ne wa da ƙane, ba lallai ba ne ki sa aikinki a haɗari saboda tsohon tela. Amma da kin faɗi haka kai tsaye, da ya fi mini.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganar riga. Kada in wahalar da kaina. Wato ke kin riga kin sallama hannun. Likita bai yanke ba tukuna, ke kin yanke daga hawa na huɗu.

Tambayoyinki kuma, ga amsa, don kada ki ce ban amsa ba. Nas mai tabarau ta yi mini su tun kina koyon ɗaura bandeji. Ta dama nake kwanciya, da matashi a bayana don kada in juya. Bokiti da dama nake ɗauka. Jiri ba na yi. Hannayen riguna na hagu duk na farke su na ƙara musu faɗi, mai guga na kusa da ni yana ta dariya wai na zama mai fiffike ɗaya. Agogo na ba da shi. An ce kada in ɗaura komai a wuyan hannu, ban sake ɗaurawa ba. Har matashin fil na marigayiya matata, wanda ta ɗinka mini da ragowar labulen ɗakinmu na farko, shekara talatin yana wuyan hannuna, ranar da aka faɗa ranar na cire shi daga can. Na mayar da shi sama da gwiwar hannu, na ƙara masa roba mai ƙarfi don kada ya zamo ƙasa ya saɓa dokar asibiti. Daga buɗe shago har rufewa ba ya motsi. Ranar wanki ma rataye shi nake yi a jikin keke, don ban yarda in kai musu ƙurar yadi ba. Ki faɗa mini mai ciwon da ya fi ni bin doka.

Hoton jijiya an sa mini rana a wata mai zuwa.

Yau kwana ashirin da shida da shuɗi, ya riga ya wuce ja da kwana biyar. Tunda mai ilimi ba ta sani ba, jahili ya ƙirga da yatsunsa. Shuɗi zan ce. Riga kuwa zan yanka da ido, kafaɗar mahaifiyarki gare ki. Ba zan sake damun ki ba.

Tela

Lahadi, da safe

Kawu,

Gaisuwa a tsaye, ina lafiya, sauran bayani daga baya.

Ka cire matashin fil ɗin nan yanzu, kafin ka karanta layi na gaba. Kada ka sake ɗaura shi a hannun hagu, ko sama ko ƙasa.

Jinin da yake bi ta bututunka ta nan yake komawa, ta jijiyar da ke sama da gwiwar hannu, daidai inda ka ɗaure da roba mai ƙarfi wuni guda. Nas ta ce wuyan hannu ne saboda nan mutane suke ɗaura agogo. Ba ta taɓa tunanin tela ba, kai kuma kana rataye shi kafin ka je, ba ta taɓa gani ba.

Lissafinka ma ka sake shi. Bayan ja, washegari ka koma keke, mako uku ya toshe. Bayan shuɗi ka yi kwana goma a gida, matashi yana rataye. Ka ƙirga daga ranar da ka koma shago. Ba shuɗi ne ya wuce ja ba, hutu ne. Ranar da wannan takardar za ta iso, mako ukun sun cika.

Na kira wayarka sau tara, a kashe. Na kira Inna, tana wurin Yaya, babu mai lambar mai guga. Na kira asibitinku, aka yi ta miƙa ni daga tebur zuwa tebur, a ƙarshe aka ce sunana ba ya cikin takardunka. Zan aika wannan ta hanyar gaggawa.

Ka kai matashin wurin nas mai tabarau, ka nuna mata inda kake ɗaurawa. Ka ce a matso da ranar hoto. Fushinka kuma ka ajiye mini shi, zan karɓa daga baya.

Zare

Lahadi

Kawu,

Ina gaishe ka, ina fata kana cikin sauƙi. Ni lafiyar jiki ce kawai da ni. Mako uku kenan babu layi ɗaya daga gare ka.

Sau biyu a rana nake sauka in duba akwatin wasiƙu, har mai gadin gidan ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. Ban san ko takardata ta iso ba. Ban san ko ta iso ka yaga ba. Wani lokaci in ce fushi ne, in ji sanyi, don mai fushi yana da rai da ƙarfin yin fushi. Wani lokaci in ce an koma dama, shi ya sa babu rubutu. In na kai nan sai in tashi in hau wanke kwanukan da na riga na wanke.

Jiya aka kawo mana wani dattijo bututunsa ya toshe. Na karɓi kwalba mai lamba, na zuba, na zauna ina duba agogo. Da zirr ɗin ya dawo a ƙarƙashin yatsuna sai da na fita waje na tsaya. Kafin ya tafi na tambaye shi sana'arsa, da abin da yake ɗaurawa in yana aiki. Direba ne, yana jingina hannun a bakin taga wuni guda. Babu wannan tambayar a takardar da muke cikewa. Na faɗa wa shugabar aikinmu, ta ce za a ƙara.

Maganar riga, ba abin da ka ɗauka nake nufi ba. Ka ce kwana goma ba ka iya buɗe shago ba, na ji tausayi, na rubuta da gajiya. Ban sallama hannunka ba. Da na sallama da na ce maka shuɗi in huta. Zumunci mai nisa kuma, ni ban san shi ba. Na san wanda yake ajiye mini guntayen yadi in yi wa 'yar tsana riga.

Kafaɗa inci goma sha huɗu, hannu ashirin da biyu. Ba kafaɗar Inna gare ni ba, kada ka lalata yadi.

Ko kalma ɗaya ce ka rubuto. In ba ka iya riƙe biro, mai guga ya rubuta.

Taka,
Zare

Alhamis, daga kan kujerar wanki

Zarena,

Sallama. Ina lafiya, kuma ki duba rubutun nan da kyau, na dama ne, nawa ne, ba na mai guga ba. Wancan in ya rubuta miki sai kin nemi mai fassara.

Takardarki ta gaggawa ta iso a kan lokaci. Ni ne ban buɗe ba. Na ga rubutunki a bayan ambulan, na ce wata lacca ce, na cusa a aljihu. Kwana uku tana yawo da ni daga gida zuwa shago, ina zaune a keke, matashi a damtse. Ranar Juma'a da hantsi ina cikin ɗinki na ji hannun ya yi nauyi. Na ɗora yatsu. Shiru. Na matsa sama, na matsa ƙasa, na tsayar da keke don in ji da kyau. Shiru.

Ban rufe shago ba, mai guga na bar wa, na nufi asibiti. Kuma karon farko tun da aka dasa mini bututun, na manta ban rataye matashin ba. Nas mai tabarau ta naɗe hannun rigata mai fiffike, sai ta tsaya. Ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta tambaye ni mene ne wannan, na ce matashin fil ne, na kuma ƙara da cewa ba a wuyan hannu yake ba, don ta san ina bin doka. Ta zame shi a hankali. Ga shatin roba ya zagaye damtsen, baƙi, kamar an zana da gawayi. Ta kira dogon likita. Shi ma da ba ya magana ranar ya yi.

Ina jiran a shiga da ni na sa hannu a aljihu neman hankici, na ci karo da ambulan ɗinki. Layin farko bayan gaisuwa ya ce in cire matashin kafin in karanta na gaba. Ga shi a kan cinyata, fil goma sha biyu a jikinsa. Zare, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na yi kuka a gaban mutane, nas ta ɗauka tsoron allura ne.

Likita ya zo ya ce, “Baba, wanne za a kawo?”

Na ce, “Wanda ya fi kusa da hannunka.”

Har yau ban san ko ja ne ko shuɗi ba, ban duba ba. Da ya narke suka ɗauki hoton nan da kika ce, suka tarar jijiyar ta tsuke a can sama, suka zura wani ɗan balan-balan suka buɗa ta. Likita ya ce ba zai rantse matashi kaɗai ne ya jawo ba, amma ba zai rantse ba shi ba ne. Ya ce wannan ne na ƙarshe kamar yadda muka yi, saura ya rage gare ni.

Na so in rubuto tun a makon, kunya ta hana. Sai na ce bari in wuce mako uku tukuna, in zo miki da abin faɗa. Ban yi tunanin kina can kina wanke kwanuka sau biyu ba. Wannan ma laifina ne, ki yafe mini duka biyun. Yau kwana ashirin da bakwai, ashirin da biyu a cikinsu a kan keke. Yanzu haka yatsuna na kai, yana zirr. Gobe ban sani ba, kowace safiya gabana yana faɗuwa kamar da.

Fil yanzu a cikin murfin gwangwani nake zubawa. Sai dai hannu bai san an canza doka ba. In na zare fil daga yadi, dama takan tafi da shi kai tsaye wajen damtsen hagu, sau biyu na tsayar da ita a hanya. Na gwada rataye matashin a jikin keke, na ga in yana gabana wata rana zan mayar da shi, don in ban ji shi a jikina ba sai in ji kamar ranar na binne matata.

Riga tana cikin ƙunshin nan. Na riga na yanka da kafaɗar mahaifiyarki kafin awonki ya iso, sai da na rage inci ɗaya da rabi, kin yi gaskiya a nan ma. In an buɗe lambobinku ki faɗa mini wanda ya ci, don in san wanda zan yi wa tsiya.

Ki duba aljihun hagu. Na zare fil ɗin duka, na cire robar. Ki ajiye shi a kan teburinki, kada ki ɗaura a hannu.

Kawunki Tela